Asalin Jerin Sarƙa Mai Zagaye a Ilmin Kwamfuta

Tsakanin 1955 da 1956, a cibiyar bincike ta RAND da ke Kalifoniya ta ƙasar Amurka, waɗansu masana uku, wato Allen Newell da Cliff Shaw da Herbert Simon, suka duƙufa wajen tsara shirin da zai sa kwamfuta ta tabbatar da ƙa'idojin manɗiƙi. Abin da ya tsone musu ido shi ne ƙarancin ma'ajiyar injin, ga shi kuwa ba wanda zai iya faɗin yawan gurbin da aikin zai ci kafin a fara shi. Dabarar da suka fito da ita ita ce kowane bayani ya riƙe adireshin wanda ke biye da shi, ta yadda ko ina aka sami fili a ajiye shi. Wannan shi ne jerin sarƙa, wanda John McCarthy ya gina harshen LISP a kansa tun daga 1958.

Sai dai sarƙar tana da aibi: wanda ya shiga ta tsakiya ba ya iya komawa baya, in kuma ya kai gaɓar ƙarshe tafiya ta ƙare. Maganin bai wuce a sa gaɓar ƙarshe ta nuna ta farko ba. Da haka sarƙa ta zama zobe, daga kowace gaɓa a iya kaiwa ga dukkan sauran. Har ila yau, idan aka riƙe adireshin gaɓar ƙarshe kaɗai, ta farko tana nan taki ɗaya a gabanta, saboda haka ƙari a kai ko a wutsiya ba ya bukatar bin jerin. Zobba biyu ma ana haɗe su da musayar adireshi biyu kacal, komai tsawonsu.

Babu inda dabarar ta nuna ƙarfinta kamar a shirin zane na Sketchpad, wanda Ivan Sutherland ya gabatar a jami'ar MIT a 1963. A can kowane ɗigo yana da zoben da ya tara dukkan layukan da suka taɓa shi, don in an gusar da ɗigon a san layukan da za su bi shi. Gaɓar da ke shugabantar zobe ya kira ta kaza, sauran kuwa 'yan tsaki, suna da ya fi na masana da yawa ma'ana. A shekarar kuma Joseph Weizenbaum ya fito da tsarin SLIP, inda kowace gaɓa ke nuna gaba da baya. Da shi ya rubuta ELIZA. Donald Knuth ne ya tsara bayanin duka a juzu'in farko na babban littafinsa a 1968.

Haɗarin zobe shi ne rashin ƙarshe. Shirin da aka rubuta da sakaci yakan yi ta kewaye har sai an kashe shi, domin yana jiran alamar tsayawa wadda babu ita. Shi ya sa aka saba ajiye gaɓa guda wadda ba ta ɗauke da bayani, kamar doguwar ƙwayar carbi da ke sanar da yatsa cewa an kammala zagaye. A kan wannan tsari zuciyar manhajar Linux take riƙe da jerinta masu yawa, kuma a cikinta jerin da babu komai shi ne wanda wannan gaɓa take nuna kanta, gaba da baya.