Bubu Hama da taskar rubuce-rubucen Yamai

Wannan maƙala za ta dubi gefe guda na rayuwar Bubu Hama (1906-1982), wato aikinsa na mai tara littattafai, wanda sau da yawa siyasarsa kan rufe shi.

An haife shi a Foneko, kusa da Tera. Ya yi karatu a makarantar William Ponty ta Senegal, ya fara koyarwa a 1929. A shekarun 1950 ya riƙe cibiyar IFAN ta Yamai, daga 1958 kuma har 1974 shi ne shugaban Majalisar Dokoki. A wannan kujera ya tara mafi yawan abin da ya tara: kundayen larabci da na ajami, waɗansu na asali, waɗansu kwafi. A Majalisa aka fara ajiye su kafin a mayar da su cibiyar binciken da ta zama IRSH a ƙarƙashin Jami'ar Yamai. Su ne tushen sashen MARA, mai kundaye wajen 4000, waɗanda gidauniyar al-Furqan ta Landan ta fara buga jerin sunayensu a 2004.

Hama bai raba takarda da baki ba. Littafinsa kan tarihin Gobir da Sakkwato (1967) ya dogara da duka biyun, haka ma cibiyar adabin baka da aka kafa a Yamai a 1968, wadda ta zama CELHTO. Masana sun sha kukan cewa littattafansa ba su da tsari, kuma da gaskiyarsu. Amma ya kan zuba bayanin yadda ya same shi, abin da ke ba na baya damar sake aunawa.

A ganinmu matsalar tana wani wuri. Mai tarawar shi ne kuma shugaban jam'iyyar PPN-RDA, wadda gwamnatinta ta haramta Sawaba a 1959. Malamin da irin wannan baƙo ya nemi kundinsa, ya zaɓi abin da zai fitar daga gafaka da abin da zai ɓoye. Don haka ɗalibin da ke binciken ƙasar Kance, inda Matameye take, bai kamata ya ɗauki jerin MARA a matsayin ma'aunin abin da malaman yankin suka rubuta ba. Sai ya haɗa da littafin André Salifou kan Damagaram (1971), sannan ya koma zaurukan malaman da kansa.

Bayan juyin mulkin Seyni Kunce a watan Afrilu 1974 an tsare Hama. Ya rasu a Yamai a Janairun 1982.