Sake gwadawa ma yana da tarihi



Makon jiya na kusa jin kunya a gaban malamin da ke duba aikina na kammala karatu. Na rubuta manhaja da Python, na ce mata duk sanda intanet ya yanke ta sake gwadawa. Ban sa iyaka ba. Ai kuwa netwok na ɗaukewa, sai ta shiga juyi kamar ba gobe, kwamfutar ta sandare. Malam ya ce in je in karanto tarihin abin kafin in dawo. Ga abin da na samo.

Tun zamanin yaren PL/I na kamfanin IBM a 1964 ake wannan muhawara: idan kuskure ya faru, a gyara a ci gaba daga inda aka tsaya ne, ko a watsar da wannan ɓangaren? A taron masu tsara C++ a Palo Alto, Amurka, a 1991, Jim Mitchell ya kawo hujja daga tsarin Cedar/Mesa na Xerox. Layi kusan 500,000, an shekara 10 ana amfani da shi, amma wuri ɗaya tak ya rage da ke ci gaba daga inda aka tsaya. C++ ya zaɓi watsarwa.

Akwai hanya ta uku: a koma farkon aikin a sake. Bertrand Meyer ya sa kalmar "retry" a yarensa Eiffel, Yukihiro Matsumoto na Japan ma ya sa ta a Ruby da ya fito a 1995. Python ba shi da ita, kai za ka haɗa da hannunka. Nan na faɗi.

Ashe masu Ethernet sun daɗe da warware matsalata. Idan saƙonni suka yi karo, kowa ya ɗan jira, in an sake karo tazarar jiran ta ninka, a gwaji na 16 kuma a haƙura.

Yanzu tawa sau 5 take gwadawa, tana jiran daƙiƙa 1, 2, 4, 8 a tsakani, sannan ta faɗa wa mutum gaskiya cewa abin bai yiwu ba. Sannu ba ta hana zuwa.

Masu kare aiki wannan zangon, don Allah ku kashe data ku gwada naku tun a ɗaki, kafin malam ya gwada muku. Allah Ya ba mu sa'a.