Shata da Ɗanmaraya: Yadda Mawaƙi Ke Gina Sunansa da Labarin Kansa

Idan muka waiwayi tarihin kiɗa da waƙa a ƙasar Hausa, za mu tarar a da makaɗi ba ya wahalar gabatar da kansa ga jama'a, domin abu biyu sun riga sun yi masa wannan aiki, wato gado da ubangida. Alhaji Musa Ɗanƙwairo, wanda ya rasu a 1991, a gidan kiɗa ya buɗe ido, wajen mahaifinsa ya koya. Ibrahim Narambaɗa kuwa ba a ambatonsa sai an haɗa da Sarkin Gobir na Isa, Amadu. Sarki shi ne ci da sha da sutura, shi ne doki, shi ne kuma suna. Ko a Bakandamiyar Narambaɗa, inda ya baje kolin gwanintarsa son ransa, amshin waƙar yabon ubangidansa ne. Ya wasa kansa, amma a inuwar sarki ya tsaya.

To, yaya wanda bai gaji kiɗa ba zai yi, ko wanda ya tashi ba uwa ba uba? A nan ne mawaƙa biyu suka buɗe wata hanya, Allah ya jiƙansu baki ɗaya.

Na farko shi ne Alhaji Mamman Shata, haifaffen Musawa a 1923. Bafulatani ne, kuma mahaifinsa bai so ya yi waƙa ba, saboda a idon mutanen wancan zamani waƙa roƙo ce, roƙo kuwa ba na ɗan gidan da bai gada ba ne. Tallar goro ya fara yi a kasuwannin ƙauye, waƙar tana biye da shi a dandali. Wani da ya ɓoye wannan asali don kada makaɗan gado su yi masa gori. Shata sai ya mai da shi jari. Ya riƙa nuna cewa tasa waƙar baiwa ce daga Allah, ba koyo ba, ba ya zama ya tsara ta, a tsaye take zuwa masa da zarar kalangu ya ɗauka. Bakandamiyarsa ita ce taskar wannan labari: a cikinta yake ƙirga garuruwan da ya taka, da mawaƙan da ya kara da su, da yadda aka kwashe. Amshinta ma na makaɗin ne da yaransa, ba na wani basarake ba. Ba muna cewa Shata bai yi iyayengiji ba. Ya yi su da yawa, har ma a Daura aka binne shi a 1999, garin Sarki Muhammadu Bashar da ya daɗe yana yi wa waƙa. Abin lura shi ne babu fadar da ta mallake shi. Wanda ya yi wa sarki waƙa yau, gobe ya yi wa direba, jibi ya waƙe kumbon Apollo 11 da Amurka ta harba zuwa wata a 1969, ai kowa ya san sunan da ke tafe da waƙoƙin nan nasa ne shi kaɗai.

Zamani ma ya taimaka. Da aka buɗe gidan Rediyon Kaduna a 1962, ga kuma faifan garmaho, daga baya kaset, sai murya ta riƙa zuwa inda mai ita bai taɓa takawa ba. Mai sauraro a zangon Kumasi ko a Damagaram bai san hakimin da ake yabo ba, bai kuma damu ya sani ba. Mai waƙar yake son sani: wane ne shi, ɗan ina ne, me ya sha kafin ya kawo nan? Mawaƙin da ke da amsa mai daɗin ji shi ne kasuwarsa ta ci.

Babu wanda amsarsa ta kai ta Adamu Wayya gajarta, domin kalma ɗaya ce. An haife shi a Bukur, kusa da Jos, a 1946. Mahaifinsa makaɗin Sarkin Hausawan garin ne, ya rasu, mahaifiyar ma ta bi shi tun yaron yana jariri, sarkin ya ɗauke shi ya riƙe. Sunan Ɗanmaraya ya bi shi, shi kuma bai yar da shi ba. Mu dubi yadda komai nasa ya dace da sunan. Ba ya da 'yan amshi, ba ya da ayarin makaɗa, daga shi sai kuntigi, ɗan ƙaramin abin kiɗa mai tsirkiya ɗaya wanda ake iya sakawa a aljihun riga. Waɗanda ya zaɓa ya waƙe su ma marayun al'umma ne: karen mota, da yarinyar da aka yi wa auren dole, da talakan da ke kallon mai akwai. Da attajirin mawaƙi mai tawaga ne ya yi "Waƙar Karen Mota", da sai a ce tausayi ne daga sama. Daga bakin maraya kuwa, sai ta zama maganar ɗan'uwa. Ya zaga ƙasashen duniya, ya sami lambobin girma, ya yi furfura, amma har ya koma ga Mahaliccinsa a 2015 yana dab da shekara 70, maraya ake kiransa.

Sai dai akwai tarko a nan ga mu masu alƙalami. Labarin da mawaƙi ke bayarwa game da kansa zaɓaɓɓe ne, kirari ne, an gina shi don ya yi aiki a fage. Masoya kuma su ɗora nasu a kai: wa bai ji ana cewa Shata na da aljanu ba, ko duk wanda ya yi wa zambo sai ya tsiyace? Irin wannan magana ta ƙara masa kwarjini, ta sa masu hannu da shuni saurin buɗe aljihu, amma ba ita ce tarihi ba. Jami'ar Ahmadu Bello da ta ba shi digirin girmamawa na Dakta a 1988, waƙoƙinsa ta duba. Haka Ibrahim Sheme da abokan aikinsa, da suka tashi rubuta "Shata Ikon Allah" wanda ya fito a 2006, ba su tsaya ga Bakandamiya ba, sai da suka bi shi kansa da makaɗansa da waɗanda suka san shi, suna tambaya suna gwada wannan baki da wancan.