Gwanjon kayan fasaha da na tarihi: yadda yake gudana, da abin da ya shafi jihar Agadas

Ranar 16 ga watan Yulin 2025, kamfanin gwanjo na Sotheby's ya sayar da wani dutse mai nauyin kilo 24 da ɗoriya a birnin New York na Amurka a kan dala miliyan 5.3, wato kusan biliyan 3 na kuɗin sefa. Dutsen, da masana suka ba lamba NWA 16788, ɓallin duniyar Mars ne, kuma a hamadar jihar Agadas aka tsince shi cikin watan Nuwamban 2023. Kafin ya isa Amurka sai da ya bi ta Italiya, inda aka nuna shi a Roma, ya kuma zauna a wani shagon baje koli na birnin Arezzo. Ba a bayyana sunan mai sayarwa ba, haka ma na mai saye. Gwamnatin Nijar ta buɗe bincike tana zargin fasa-ƙwauri, kamfanin kuma ya ce an bi ƙa'ida wajen fitar da dutsen. A watan Agusta hukumomi suka dakatar da fitar da duwatsu masu daraja da irin waɗannan masu faɗowa daga sama.

Dutse ba aikin hannun kowa ba ne, amma hanyar da ya bi ita ce wadda kayan azurfa, da sirdin raƙumi, da gumakan yumɓu na Nijar suke bi zuwa ɗakunan masu tara kayan fasaha a ƙetare.

Yadda gwanjon yake

Duk wanda ya san cinikin raƙumi a kara ya san rabin abin. Akwai mai kaya, akwai dillali, akwai masu tayi, akwai la'ada. Bambancin shi ne a gwanjo tayi a fili ake yi, kowa yana ɗorawa a kan na wani, har a rasa mai ƙarawa, sai dillali ya buga guduma. Da zarar gudumar ta sauka ciniki ya faɗa, babu fasawa.

Makonni kafin ranar, kamfanin yana fitar da littafin kaya, ɗauke da hoton kowane abu, da girmansa, da shekarunsa, da ƙiyasin farashi na ƙasa da na sama. Akwai kuma wani farashi na sirri tsakanin mai kaya da kamfani. In tayi bai kai shi ba, kayan su koma gida, kamar dai mai raƙumi ya ce albarka. Ana tayi a cikin zaure, ko ta waya, ko ta intanet.

Abin da yake ruɗa sabon shiga shi ne la'ada, don kamfanin ta gefe biyu yake ci. Mai saye yana biyan ƙari a kan farashin guduma, wanda a ƙananan kaya yakan kai kashi 25 cikin 100 ko fiye, mai kaya ma a zare wani kaso daga nasa. Dutsen Agadas a kan dala miliyan 4.3 aka buga masa guduma. La'ada ce ta kai shi 5.3.

Manyan gidajen sun daɗe. An kafa Sotheby's a Landan a 1744, Christie's a 1766, zauren Drouot na Paris kuma ya buɗe a 1852. Shagon baje koli, wanda Faransawa ke kira galerie, tsarinsa daban ne: farashi a yanke yake, mai shagon yana ɗaukar mai zane ko maƙeri ya nuna aikinsa na wasu makonni, kuma sau da yawa raba kuɗin suke yi biyu. A Afirka ma kasuwar ta kafu: Dakar tana da bikin Dak'Art duk shekara biyu, Legas tana da Art X tun 2016, kuma a 2018 gidan Bonhams na Landan ya sayar da zanen Tutu na ɗan Najeriya Ben Enwonwu fam miliyan 1.2.

Abin da ke sa farashi

Kyau kaɗai ba ya sa farashi. Abin da masu saye suka fi bibiya shi ne asalin kaya: wa ya yi shi, yaushe, hannun wa da wa ya bi, a wane gidan tarihi aka taɓa nuna shi. Takarda ɗaya tsohuwa ko hoto mai kwanan wata na iya ninka kuɗin abu sau goma.

Labarin wani abin rufe fuska na ƙabilar Fang ta Gabon ya isa misali. A 2021 wasu tsofaffi, mata da miji, a kudancin Faransa suna kwashe kayan wani gidansu, suka sayar da shi ga ɗan gwangwan a kan yuro 150, abin da bai cika jika 100 ba. Kakan mijin, wani gwamnan mulkin mallaka, shi ya zo da shi daga Afirka. A watan Maris na 2022 aka yi gwanjonsa a Montpellier, ya tashi yuro miliyan 4.2, sama da biliyan 2.7 na sefa. Tsofaffin suka kai ƙara, amma a Disamban 2023 kotun Alès ta ce ciniki ya yi, laifinsu ne da ba su bincika darajar kayansu ba. Gwamnatin Gabon ma ta shiga shari'ar tana neman a mayar mata da shi, kotun ba ta saurare ta ba. In haka ta faru da waɗanda ke zaune kusa da kasuwar, mai sayarwa daga Timiya ko Iferwan sai ya ƙara hattara.

Azurfar maƙeran Abzin

Kayan jihar Agadas da suka fi shiga hannun masu tarawa su ne na maƙeran Abzinawa, inadan: sarƙoƙi, zobba, layu, takubba, makullai, da sirdi mai ƙaho uku. Matansu kuma su ke aikin fata. Mafi shahara shi ne abin wuyan da Turawa ke kira croix d'Agadez, ɗaya daga cikin samfura 21 da aka jingina wa garuruwa da wuraren Nijar. Da kakin zuma ake fara siffanta shi, a lulluɓe da yumɓu, a gasa kakin ya narke ya fita, a zuba narkakkiyar azurfa a gurbinsa, sannan a goge a yi zane da hannu. Tun da sai an fasa yumɓun ake fitar da shi, babu biyu da suke daidai da juna. A da maƙera kan narka tsofaffin kuɗin azurfa, musamman liyari mai hoton Mariya Tereza. Na yanzu da ake yi domin kasuwar waje yawanci ana buga masa lamba 925, alamar tsabtar azurfar.

Garuruwan uraniyom sun taka rawa a wannan ciniki. SOMAIR ta fara haƙa a Arlit a 1971, COMINAK a Akokan a 1978, kuma shekara da shekaru ma'aikata Turawa da iyalansu suna cikin masu sayen kayan maƙera, su tafi da su gida in wa'adinsu ya cika. Tawayen 2007 ya kori masu yawon buɗe ido, sace ma'aikata a Arlit a Satumban 2010 ya rage baƙin da suka saura, sannan COMINAK ta rufe ranar 31 ga Maris 2021. Maƙera da dama yanzu sun dogara da Yamai, inda ake da rumfunan masu sana'a a gidan tarihi na Boubou Hama da ƙauyen sana'o'i na Wadata, ko kuma su yi ciniki ta WhatsApp da tsofaffin abokan hulɗa.

Matsalar wannan azurfa a gwanjo ita ce rashin suna. A littattafan kaya akasari "Tuareg, Niger" kawai ake rubutawa, kamar abin ya ƙera kansa. Baje kolin Art of Being Tuareg da aka buɗe a Amurka a 2006 ya saɓa wa wannan al'ada, don ya nuna aikin Saidi Oumba da matarsa Andi Ouhoulou na Agadas da sunayensu. Maƙerin da ke buga alamarsa a bayan aikinsa, ya kuma ba da rasit mai kwanan wata, shi ne yake gina wa kayansa asali tun daga maƙera.

Abin da ba na sayarwa ba

Sabon aikin hannu halal ne a saya a fitar. Abin da aka tono daga ƙasa hukuncinsa daban. Nijar tana cikin yarjejeniyar UNESCO ta 1970 kan hana safarar kayan al'adu, kuma doka mai lamba 97-022 ta 30 ga Yuni 1997 ita ke kare kayan tarihin ƙasa, fitar da su sai da izinin hukuma. Dokar ba ta ambaci duwatsun sama da suna ba, abin da ya ƙara dagula batun NWA 16788.

Ƙasar ta riga ta ɗanɗana. A 1975 aka gano maƙabartar Bura a yankin Tera, masanin tarihi Boubé Gado ya yi tono a wurin a 1983, aka samu tuluna da gumakan yumɓu, har da mahaya dawaki. Bayan an nuna su a baje kolin Vallées du Niger da ya fara a Paris a 1993, masu saye suka yi ca, ƴan tono suka bi wuraren suna fasawa. A 2000 ƙungiyar gidajen tarihi ta duniya, ICOM, ta sa kayan Bura cikin jerin waɗanda take gargaɗin kada a saya. Tulun da aka fizge daga kabari ba tare da an rubuta inda yake da abin da ke gefensa ba, yawancin labarinsa ya tafi ke nan.

A arewa abin da ke cikin haɗari shi ne zanen kan duwatsu, da kawunan kibau da duwatsun niƙa na mutanen da, waɗanda ake tsinta a Tenere. Raƙuman dawa na Dabous, da ke kusa da hanyar Agadas zuwa Arlit, an sassaƙa su shekaru dubbai da suka wuce, babbar ta haura mita 5. A 1999 aka ɗauki samfurinsu domin ko da wani abu ya same su, kuma an kafa kwafi ɗaya na alminiyom a filin jirgin saman Agadas.

Mai son fara tara kaya a Akokan ko Arlit, da sabon aiki daga hannun wanda ya yi shi ya fi dacewa ya fara, ya rubuta sunan maƙerin da ranar saye, ya ajiye hoto. Wanda kuma ya gaji tsohon takobi ko azurfar kaka, aka zo ana tayawa da gaggawa, ya ɗauki hotonta ta kowane gefe, ya auna nauyinta, ya ji bakin mutum biyu ko uku da ba su san juna ba kafin ya ce ya sallama.