An Kashe Maciji Ba a Sare Kansa Ba

'Yan'uwana ɗalibai, nufina a nan shi ne in ɗan bi salsalar yaƙin da ake yi da gajerun bidiyon nan na wayar hannu, masu cinye mana lokacin karatu.

A shekarar 2013 aka fito da manhajar Vine a Amurka, mai bidiyon daƙiƙa 6. Ta mutu a 2017, amma kafin nan kamfanin ByteDance na ƙasar Sin ya riga ya fito da Douyin a 2016, wadda ƙanwarta TikTok ta game duniya. Dabararsu kuwa, da wannan bidiyo ya wuce sai wani ya faɗo, ko ba ka nema ba.

Ran 29 ga Yuni, 2020, gwamnatin Indiya ta haramta TikTok. To, me ya biyo baya? Cikin Agusta Instagram ta baza Reels a ƙasashe da dama, a Satumba kuma YouTube ta fara gwajin Shorts, a Indiyar ma kuwa. Wato an rushe rumfa, sai hajar ta koma cikin manhajojin da muke sauraron lacca da gaisawa da dangi.

A ganina, nan wahalar toshewa ta samo tushe. Ma'aunin lokacin da Apple da Google suka sa wa wayoyi a 2018 manhaja sukutum yake rufewa, har da darasin da ke cikinta. Shi ya sa masu fasaha suka shiga ƙera 'yan manhajojin da ke ɓoye Shorts da Reels kaɗai.

Wanda duk jarrabawa ta ƙarato masa, ya nemi irinsu tun da wuri.