Yaƙi da ta'addanci, 'yancin ɗan ƙasa da masu kwarmata bayanai a Arewacin Najeriya

Daidaita yaƙi da ta'addanci da 'yancin ɗan ƙasa muhawara ce ta doka da siyasa a kan iyakar ikon da ya kamata gwamnati ta samu wajen kama mutane, tsare su, sauraron wayoyinsu da taƙaita zirga-zirgarsu da sunan tsaro. A Arewacin Najeriya muhawarar ta yi ƙarfi tun daga rikicin Boko Haram na 2009. Tana tafiya tare da batun masu kwarmata bayanai, wato ma'aikata, sojoji, 'yan jarida ko 'yan siyasa da ke fallasa ɓarna ko almundahana a cikin hukuma. Daga 2011 zuwa 2022 an kafa dokar ta'addanci, an gyara ta, an kuma sake ta gaba ɗaya, yayin da kudirorin kare masu kwarmato suka riƙa tsayawa a hanya.

Tushen doka

Babi na huɗu na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya jera haƙƙoƙin ɗan ƙasa. Sashe na 33 ya kare rai, na 34 ya hana azabtarwa, na 35 ya ce a gurfanar da wanda aka kama gaban kotu cikin kwana ɗaya, ko kwana biyu idan kotun tana da nisa. Sashe na 37 ya kare sirrin gida da na wayar tarho, na 39 ya ba da 'yancin faɗin albarkacin baki, na 41 kuma 'yancin zirga-zirga. Sai dai sashe na 45 ya yarda a taƙaita wasu daga cikinsu ta hanyar doka saboda tsaron ƙasa da zaman lafiyar jama'a, sashe na 305 kuma ya ba shugaban ƙasa ikon kafa dokar ta-ɓaci.

Shugaba Goodluck Jonathan ya sa hannu a Dokar Hana Ta'addanci a 2011. Gyaran da aka yi mata a 2013 ya ba kotu damar amincewa a tsare wanda ake zargi har kwana 90 ba tare da an ji ta bakinsa ba, kuma ana iya sabunta wa'adin. Dokar 2022 da Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu ta rage wa'adin zuwa kwana 60, ta kuma kafa Cibiyar Yaƙi da Ta'addanci ta Ƙasa a ofishin mai ba shugaban ƙasa shawara kan tsaro. A 2017 an kafa wata dokar da ta mayar da azabtar da wanda ake tsare da shi laifi.

Abin da ya faru a Kano

Ranar Juma'a 20 ga Janairu 2012, mayaƙan Boko Haram suka kai hare-hare a ofisoshin 'yan sanda, na hukumar shige da fice da na hukumar tsaro ta farin kaya a birnin Kano. Aƙalla mutum 185 suka mutu, cikinsu har da ɗan jaridar Channels, Enenche Akogwu. Gwamnati ta sa dokar hana fita, rundunar haɗin gwiwa ta JTF ta kafa shingayen bincike a manyan tituna, aka kuma riƙa tilasta wa masu babura su sauka su tura idan sun iso shinge.

Ranar 19 ga Janairu 2013 aka buɗe wa ayarin Sarkin Kano Ado Bayero wuta. Kwanaki kaɗan bayan haka gwamnatin jihar ta hana ɗaukar fasinja a babur a cikin birni, saboda maharan kan yi amfani da babura. Matakin ya raba dubban 'yan acaɓa da sana'arsu, Adaidaita Sahu ta maye gurbinsu. Hare-haren ba su tsaya nan take ba: an tayar da bam a tashar mota ta New Road a Sabon Gari a Maris 2013, sannan aka kai hari Babban Masallacin Juma'a na Kano ranar 28 ga Nuwamba 2014, inda fiye da mutum 100 suka rasu.

Masu goyon bayan matakan sun ce sun taimaka wajen raguwar hare-hare a birnin. Masu suka kuma sun yi nuni da kamen jama'a barkatai, rushe gidajen da aka ce maharan sun zauna a ciki, da karɓar na goro a shingaye.

Tsarewa da shari'a

Kisan Muhammad Yusuf a hannun 'yan sanda a Maiduguri ranar 30 ga Yuli 2009, ba tare da shari'a ba, shi ne misalin da aka fi kawowa na yadda keta doka ke ƙara rura rikici. A Mayu 2013 aka kafa dokar ta-ɓaci a Borno, Yobe da Adamawa, aka kuma katse layukan waya na wani lokaci.

A rahoton da ta fitar a Yuni 2015, ƙungiyar Amnesty International ta ce fiye da mutum 7,000 sun mutu a wuraren tsarewa na soja tun daga 2011, ta kuma ambaci barikin Giwa da ke Maiduguri. Rundunar soja ta musanta. A Oktoba 2017 aka fara shari'ar fiye da mutum 1,600 a barikin Wawa kusa da Kainji a jihar Neja. Zaman farko an yi shi a asirce. An yanke wa mutum 45 hukunci, aka sallami 468, da yawansu bayan sun shafe shekaru a tsare.

A Zariya, arangamar sojoji da mabiya Harkar Musulunci a Disamba 2015 ta jawo mutuwar fiye da mutum 340, kamar yadda kwamitin binciken gwamnatin Kaduna ya tabbatar. Babbar Kotun Tarayya ta ba da umarnin sakin Sheikh Ibrahim Zakzaky a Disamba 2016, gwamnati ba ta bi umarnin ba. An haramta ƙungiyar a ƙarƙashin dokar ta'addanci a Yuli 2019, sannan wata kotu a Kaduna ta wanke shi da matarsa a Yuli 2021.

Karkara da kan iyakar Katsina

Da matsalar 'yan bindiga ta tsananta a Arewa maso Yamma, matakan tsaro sun koma karkara. A Satumba 2021 aka rufe layukan waya a duk jihar Zamfara, sannan a ƙananan hukumomi 13 na Katsina da wasu sassan Sakkwato da Kaduna. An rufe kasuwannin dabbobi da dama, aka hana sayar da fetur a jarka. Dalilin hukuma shi ne a yanke hulɗar 'yan bindiga da masu ba su bayanai, waɗanda ake kira infoma. Mazauna ƙauyuka kuma sun koka cewa idan an kawo hari ba su da hanyar neman ɗauki. A Nuwamba 2021 Babbar Kotun Tarayya ta ayyana 'yan bindigar a matsayin 'yan ta'adda.

Ba a katse waya a jihar Kano ba a lokacin, amma ƙananan hukumomin arewacinta da ke kusa da iyakar Katsina, irin su Tsanyawa, Shanono da Kunci, wadda aka sauya wa suna zuwa Ghari a 2024, suna cikin yankin da matsalar ke iya tsallakowa. A ƙarshen 2025 an kai hare-hare da sace mutane a ƙauyukan Shanono da Tsanyawa. Yanki ne mai cunkoson ƙauyuka da gonakin gero, dawa, wake da gyaɗa, inda babur da kasuwar mako-mako su ne jijiyar rayuwa. Duk matakin da ya taɓa su yana taɓa abincin manomi.

A irin wannan wuri bayanin tsaro yakan fito daga mai unguwa, dagaci, ɗan sintiri ko direba. Kowa ya san kowa, don haka wanda ya kai rahoto yana cikin haɗari ta fuska biyu: 'yan bindiga na iya ɗaukar fansa idan sunansa ya fita, jami'ai kuma na iya tambayarsa yadda aka yi ya sani. Wannan ne ke haɗa batun tsaro da batun kare mai ba da bayani.

Tsarin kwarmata bayanai

A Disamba 2016 Ma'aikatar Kuɗi ta Tarayya, ƙarƙashin Kemi Adeosun, ta ƙaddamar da tsarin kwarmata bayanai. An yi alƙawarin ba wanda bayaninsa ya kai ga ƙwato kuɗin gwamnati ladan kashi 2.5 zuwa 5 cikin ɗari. Nasarar da ta fi yin suna ita ce gano fiye da dala miliyan 43 a wani gida a Ikoyi, Legas, a Afrilu 2017.

Tsarin umarni ne na ɓangaren zartarwa, ba dokar majalisa ba ne, don haka bai ba wanda aka kora daga aiki ko aka yi wa barazana wata kariya mai ƙarfi a kotu ba. Majalisar Dattawa ta amince da kudirin kare masu kwarmato a 2017, bai zama doka ba. Majalisar Zartarwa ta Tarayya ta amince da wani daftarin a Disamba 2022, inda ministar kuɗi Zainab Shamsuna Ahmed ta bayyana cewa tsarin yana ja da baya saboda mutane na tsoron abin da zai same su. Majalisa ta tara ta kammala wa'adinta a 2023 ba a kafa dokar ba. Afirka ta Kudu tana da irin wannan doka tun 2000, Ghana kuma tun 2006.

Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011 ta ba ma'aikacin da ya bayyana ɓarna da kyakkyawar niyya wata kariya, amma Dokar Sirrin Gwamnati ta 1962 tana nan, an kuma yi amfani da sashe na 24 na Dokar Laifukan Intanet ta 2015 wajen kama 'yan jarida kafin a gyara shi a 2024.

Matsayin 'yan siyasa

Misalai uku daga Kano sun nuna yadda matsayin 'yan siyasa kan mai fallasa ke bin wanda fallasar ta shafa.

Sanusi Lamido Sanusi, yana gwamnan Babban Bankin Najeriya, ya ce kamfanin mai na NNPC bai shigar da kimanin dala biliyan 20 asusun gwamnati ba. Gwamnatin PDP ta dakatar da shi ranar 20 ga Fabrairu 2014 bisa zargin kashe kuɗi ba bisa ƙa'ida ba, jami'an farin kaya suka karɓe fasfonsa. Da ya kai ƙara, ɓangaren gwamnati ya ce ana bincikensa kan ɗaukar nauyin ta'addanci. Kotu ba ta gamsu ba, ta ba da umarnin a mayar masa da fasfo, a kuma biya shi diyyar naira miliyan 50. Jam'iyyar APC, wadda ke adawa a lokacin, ta goya masa baya.

A 2016, bayan APC ta hau mulki, ɗan majalisarta mai wakiltar Kiru da Bebeji, Abdulmumin Jibrin, ya zargi shugaban Majalisar Wakilai Yakubu Dogara da wasu shugabanni da cushe a kasafin kuɗi. Sun musanta. Majalisar ta dakatar da shi na zama 180 a Satumba 2016. Masu sukarsa sun ce sai da ya rasa kujerar shugaban kwamitin kasafi sannan ya yi magana.

A Oktoba 2018 Jaafar Jaafar, mawallafin jaridar Daily Nigerian, ya fitar da bidiyon da ya ce yana nuna Gwamna Abdullahi Umar Ganduje yana karɓar daloli daga ɗan kwangila. Ganduje ya musanta, ya ce bidiyon na bogi ne, ya kuma kai ƙara. Majalisar Dokokin Kano ta kafa kwamitin bincike, kotu ta dakatar da shi. A 2021 Jaafar ya koma Birtaniya, yana mai cewa ana barazana ga rayuwarsa.

Fallasa daga cikin soja

A 2014 kotunan soja sun yanke wa sojoji da dama hukuncin kisa kan bore. Sojojin sun ce an tura su yaƙi ba isassun makamai. A Disamba 2015 aka sassauta hukuncin mutum 66 zuwa ɗaurin shekara goma, a daidai lokacin da ake tuhumar tsohon mai ba da shawara kan tsaro, Sambo Dasuki, da karkatar da kuɗin makamai kimanin dala biliyan 2.1. Dasuki ya musanta, kuma shi ma an tsare shi har Disamba 2019 duk da belin da kotuna suka ba shi.

Ranar 6 ga Janairu 2019 sojoji suka mamaye ofisoshin Daily Trust a Maiduguri, Abuja da Legas kan wani labari game da shirin ƙwato Baga, suna cewa jaridar ta tona sirrin yaƙi. A 2020 kotun soja ta hukunta Manjo Janar Olusegun Adeniyi bayan yaɗuwar bidiyon da yake bayyana ƙarancin kayan yaƙi a fagen daga.

Kwatanci da Amurka

Amurka ta faɗaɗa ikon leƙen asiri da dokar Patriot bayan harin 11 ga Satumba 2001. A Yuni 2013 Edward Snowden ya fallasa yadda hukumar NSA ke tattara bayanan kiran wayar miliyoyin mutane. An tuhume shi a ƙarƙashin dokar leƙen asiri, ya samu mafaka a Rasha, 'yan siyasa suka rabu tsakanin masu kiransa maci amana da masu ganin ya yi wa jama'a aiki. Duk da haka majalisar ƙasar ta taƙaita shirin a 2015.

Hujjojin ɓangarorin biyu

Hukumomin tsaro suna cewa binciken ta'addanci yana ɗaukar lokaci, shaidu suna tsoron fitowa, kuma bayanin da ya fita ba a kan lokaci ba yana iya jawo asarar rayukan sojoji. Lauyoyi da ƙungiyoyin kare haƙƙin ɗan Adam suna cewa tsarewa ba shari'a da ƙin bin umarnin kotu suna rage amincewar jama'a da hukuma, alhali da bayanan jama'ar ake kama masu laifi. Gyare-gyaren da aka fi ba da shawara sun haɗa da kafa dokar kare masu kwarmato, samar da hanyar kai ƙorafi a asirce ga sojoji da ma'aikatan tsaro, sa ido na majalisa kan kuɗin tsaro, da kayyade wa'adi ga duk matakin gaggawa kamar rufe kasuwa ko katse layin waya.