Tarihin Gwajin Manhajojin Daidaita Rubutun Kwamfuta

Manhajar daidaita rubutu ita ce wadda ake miƙa wa umarnin da mutum ya rubuta wa kwamfuta, ta gyara tsayuwar layukansa da tazarar kalmominsa, bisa sharaɗin kada ta taɓa ma'ana ko da ƙwayar zarra. Masu ruwaya da dama sukan fara lissafin tarihinta daga gofmt, alhali kuwa tun 1976 David Willcox ya rubuta indent domin harshen C a Jami'ar Illinois ta Amurka, kuma wannan shekara ita ta fi cancanta a riƙe.

Falalar gofmt, wadda Robert Griesemer ya rubuta, ta kuma fito tare da harshen Go a 2009, tana cikin tsananin gwajinta. Masu kula da ita sun ajiye kowane misali kwafi biyu, hargitsattse da gyararre, ta yadda duk sa'ad da aka sauya wani abu a cikinta, kwamfuta da kanta za ta gwama aikinta da gyararren, kamar yadda alarammomi a tsangayun Ɗambatta da Bichi suke bin allon gardi a wurin darasu, wasali bayan wasali. Sannan a mayar mata da abin da ta gyara, domin in ta sake motsa ko da ɗigo ɗaya, to hujja ta tabbata cewa ƙa'idarta ba ta zauna ba.

Amma gyararren kwafi ba ya shaidar abin da ba a rubuta a cikinsa ba, kuma a nan ne Black, wadda Lukasz Langa ya fitar domin harshen Python a 2018, ta cancanci yabo na musamman, saboda a tsarinta na asali takan warware rubutun asali da na gyara zuwa ginshiƙan nahawunsu, ta auna su, in sun saɓa ta ƙi ajiye gyaran, ta bar wa mai rubutu kayansa yadda ya kawo.

Wata manhajar daidaita rubutun kuma, Prettier, ta James Long, ta bayyana a 2017. A 2023 aka sa ladan dala 20,000 ga wanda ya rubuta makamanciyarta da harshen Rust, wadda za ta haye kashi 95 cikin 100 na gwaje-gwajen JavaScript na Prettier, kuma masu manhajar Biome suka karɓa.